Wuta ta mutu, barci bai dawo ba

A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaruruwan shaguna a Babbar Kasuwar Katsina. An ƙirga rumfuna, an ƙiyasta dukiya, manya sun zo jaje. Wanda bai shiga lissafi ba shi ne ɗan kasuwar da ya koma gida, aka ajiye masa tuwo ya kasa kai loma, ya kwana yana juyi har kiran assalatu.

Bakatsine bai cika cewa damuwa ke cinsa ba. Cewa zai yi kai ke sara masa, gaba na faɗuwa, ko kuma "jikin ne dai". Sai ya tsaya kemis ya sayi maganin ciwon kai, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Idan fargaba ta daɗe, jiki na ta kwararar da sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, barci ya ƙaurace, jini ya hau. Ga shi kuwa sanadi ya yi wa garin yawa: waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Batsari da Jibiya da Safana, iyayen da har yau ba su manta da sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamban 2020 ba, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin fetur a 2023.

Abin da ke rufe wa mutane baki tsoron kalma ɗaya ne, hauka. Saboda ita iyalai suka gwammace gidan mari da asibiti, har sai da 'yan sanda suka fasa irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina a Oktoban 2019, aka fito da matasa da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci 'yancinsa. Sai dai doka ba ta cire kunya.

Ma'aunin likitoci mai sauƙi ne. Wanda ya kai mako biyu cikin ƙunci, abin da ke faranta masa ya daina, ya ga likita. Addu'a ba ta hana wannan ba.

Kafin a kai can, garin na da nasa maganin. Tattaki bayan sallar asuba, ko daga Ƙofar Soro zuwa Gobarau ne, yana sassauta jiki. Kashe waya da dare na rage kallon hotunan hare-hare. Sai majalisa: tabarma, shayi, aboki mai riƙe sirri. Maza dai sun samu. Matar da ke cikin gida da 'ya'ya shida da baƙin da suka yi gudun hijira ita ce abin tausayi, domin sau da yawa sai an yi biki ko suna take samun wadda za ta ce mata, "Yaya, me ke damunki?"