Ciwon Damuwa da Fargaba: Yadda Ake Gane Su da Yadda Ake Maganinsu

Ciwon damuwa da ciwon fargaba su ne larurorin ƙwaƙwalwa da suka fi kama mutane a duniya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2019 ta nuna cewa mutum miliyan 970, wato ɗaya cikin kowane takwas, suna ɗauke da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Daga cikinsu miliyan 301 fargaba ce ke damunsu, miliyan 280 kuma ciwon damuwa. Galibin waɗannan mutane ba sa yawo a bola, ba sa sambatu. Suna fita kasuwa, suna ɗora tukunya, suna bin jam'i a masallaci. Shi ya sa kalmar "hauka" ko "taɓin hankali" ba ta dace da su ba, shi ya sa kuma su da danginsu ba kasafai suke kawo wa ransu cewa matsalar ta ƙwaƙwalwa ce ba.

A asibitocin ƙasar Hausa ciwon yakan shigo ne da sunan ciwon jiki. Mace za ta zauna gaban ma'aikacin lafiya ta ce tsakiyar kanta na zafi kamar an ɗora garwashi, gabanta na yawan faɗuwa, jikinta ya mutu, wani abu na yi mata yawo a ƙarƙashin fata. Idan aka duba katinta sai a tarar an yi mata maganin taifot sau biyu ko uku, an yi mata ƙarin ruwa, an auna hawan jini ba a ga komai ba. Da wuya ta buɗe baki ta ce tana cikin baƙin ciki, domin kunya da kawaici ba su bar mata wannan ƙofar ba. Sai an tambaye ta yadda take kwana sannan za ta sunkuyar da kai ta ce, "Tunani ne ya yi mini yawa." Wannan magana ita ce bakin zaren, kuma ma'aikacin da ya bar ta ta wuce ya rasa ciwon gaba ɗaya.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ciwon damuwa. Da tambaya da sauraro ake gane shi, bisa ƙa'idojin da aka tsara a manyan littattafai biyu: ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, da DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013. Sharaɗin farko shi ne daɗewa: a ƙalla mako biyu, kusan kullum, mafi yawan yini. A cikin wannan lokaci dole a sami ɗaya daga manyan alamu biyu, ko dai ƙuncin zuciya da ba ya yayewa, ko kuma fitar sha'awar abin da mutum ya saba jin daɗinsa, kamar mai zuwa majalisa kullum ya daina leƙawa, ko mai sana'ar ɗinki ta bar keken yana tara ƙura. Sai sauran alamu: barci ya lalace, musamman farkawa tun kafin kiran assalatu a kasa komawa, cin abinci ya ragu har a rame, ko ya ƙaru, kasala, rashin tattara hankali, jiki ya yi sanyi ko a kasa zama wuri ɗaya, mutum ya riƙa ganin ba shi da amfani ko ya ɗora wa kansa laifin da bai kai ya kawo ba, da tunanin mutuwa. A ƙa'idar DSM-5, sai biyar daga cikin waɗannan tara sun haɗu, sun kuma taɓa aikin mutum ko zamansa da jama'a, sannan a ce ciwon damuwa ne.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke raba ciwo da baƙin cikin rayuwa. Wanda aka yi wa rasuwa ko ya yi asarar jari zai yi kuka, zai rasa barci, amma baƙin cikinsa yakan zo ya lafa, yana samun sauƙi idan 'yan'uwa suka kewaye shi, kuma ba ya raina kansa. Na mai ciwon damuwa ba ya ɗagawa ko da labarin alheri ya zo.

Don sauƙaƙa aiki, akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9. Kowace tambaya ana ba ta maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon yawan kwanakin da alamar ta bayyana a mako biyun da suka wuce, jimilla 27. Wanda ya kai 10 ana ɗaukar yana bukatar a zauna da shi a bincika sosai. Daga 20 zuwa sama ciwon ya yi tsanani. Fargaba ma tana da tata mai tambayoyi bakwai, GAD-7. Takardun nan na tacewa ne kawai, hukunci yana hannun mai duba majinyaci.

Kafin a yanke hukuncin kuwa sai an kawar da cututtukan jiki masu kwaikwayon na ƙwaƙwalwa. Ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya. Ƙullin nan na gaban wuya, wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, idan aikinsa ya yi ƙasa sai mutum ya yi sanyi kamar mai damuwa, idan ya yi yawa sai rawar jiki da firgita kamar mai fargaba. Ciwon suga da cuta mai karya garkuwar jiki su ma suna tafiya tare da damuwa. Wanda kuma ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ga zazzaɓi, bai san inda yake ba, wannan asibiti za a garzaya da shi, domin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai na iya yin haka. Sai batun shaye-shaye, wanda dole a tambaya ba tare da tsangwama ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabata. Tiramadol da kodin da wiwi suna iya haddasa damuwa da fargaba, sau da yawa kuma mutum ya fara shan su ne don ya danne ciwon da yake ɗauke da shi tun farko.

Ita fargaba iri-iri ce. Akwai zullumin da ba ya ƙarewa, a kan yara, a kan kuɗi, a kan lafiya, mutum ya kasa tsayar da shi har tsawon wata shida ko fiye, ga ɗaurewar wuya da kafaɗu da saurin fushi. Akwai firgici mai zuwa kwatsam: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, mutum ya tabbata mutuwa ce ta zo, cikin 'yan mintoci abin ya kai ƙarshensa sannan ya sauka. Irin wannan ne aka fi danganta shi da iska ko ciwon zuciya. Akwai kuma wanda ke biyo bayan tashin hankali, inda abin da ya faru yake dawo wa mutum a mafarki da farke kamar yanzu ake yi, ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa, ƙarar babur kawai ta sa shi zabura. A Borno da Yobe, da ƙauyukan Zamfara da Katsina da suka sha harin 'yan bindiga, wannan ba baƙon abu ba ne.

Tambayoyi biyu ne ba a tsallake su. Ta farko: ko mutum ya taɓa tunanin kashe kansa, ko ya shirya yadda zai yi. Mutane na jin nauyin wannan tambaya, suna tsoron kada a cusa wa majinyaci tunanin, alhali bincike bai nuna haka ba; yawanci ma sauƙi yake ji an ba shi damar faɗa. Idan amsar e ce, ba a barinsa shi kaɗai, kuma ana kawar da fiya-fiya da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai. Ta biyu: ko an taɓa samun lokacin da ya yi kwanaki ba ya bukatar barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, ga jin ya fi kowa. Wannan alama ce ta wani ciwo dabam mai hawa da sauka, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi.

Mai jego tana bukatar kulawa ta musamman. Kuka da saurin ɓacin rai a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yakan wuce kafin mako biyu. Idan ya zarce, har aka doshi arba'in tana jin ba ta iya kula da jaririn ko ba ta jin ƙaunarsa, to ciwon damuwa ne, wanda ke kama fiye da mace ɗaya cikin goma a lokacin ciki da bayan haihuwa. Mace ɗaya ko biyu cikin dubu kuma sukan rikice baki ɗaya a makonnin farko, su riƙa jin muryoyi. Wannan na gaggawa ne, kuma yana jin magani.

Magani hanya biyu ne, na baki da na sha. Ga ciwon da bai yi tsanani ba, na baki ake fara gabatarwa. Ba nasiha ba ce, ba kuma "ka yi haƙuri" ba ce. Zama ne mai tsari. Wanda ya fi shahara shi ne gyaran tunani da ɗabi'a, wanda likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Idan magidanci ya ce, "Ni ban tsinana wa iyalina komai ba," mai ba da maganin ba zai musa masa ba. Zai ce su lissafa tare: wa ya biya kuɗin makarantar bara, wa ya kai tsohuwa asibiti. A hankali majinyaci yake koyon kama tunanin da ke dulmiyar da shi ya auna shi da hujja. Ana haɗa wannan da mayar da mutum ga ayyukansa kaɗan-kaɗan, ko da ba ya jin sha'awa: yau shara, gobe gaida maƙwabta, jibi buɗe shago na awa biyu. Sha'awar takan dawo ne bayan an fara motsi.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne wannan aiki ba sai likita ba. A Harare ta ƙasar Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida, suna warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya. Sunan ciwon a harshen Shona na ƙasar ma'anarsa yawan tunani, daidai da yadda Bahaushe ke faɗa. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna a bencin ba kuwa kusan rabi.

Idan ciwon ya yi nauyi, sai a haɗa da na sha. Biyu da aka fi samu su ne amitriptyline da fluoxetine, kuma duka ba su da tsada. Na farkon da dare ake sha, yana sa barci da bushewar baki, bai dace da mai ciwon zuciya ba, kuma yana da haɗari ƙwarai idan aka sha da yawa. Na biyun da safe ake sha, yana iya kawo tashin zuciya da ciwon kai a kwanakin farko. Shi da danginsa ana ba da su don fargaba ma. A nan ne aka fi yin asara. Illolin maganin suna riga amfaninsa zuwa, domin sai an yi mako biyu zuwa shida kafin a ga sauƙi, sai majinyaci ya ce bai karɓe shi ba ya watsar. Wani kuma da ya ji garau sai ya daina, alhali jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2016 ta ce a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan alamu sun tafi, sannan a janye a hankali bisa umarnin likita. Waɗannan magunguna ba sa bugarwa. Wanda ke kama mutum shi ne diazepam, da ake kira baliyam, wanda ake saya a kemis don barci; yana kwantar da fargaba na ɗan lokaci, ba ya warkar da damuwa, jiki kuma yana sabawa da shi cikin makonni.

Mai jin muryoyi, da wanda ya daina ci da sha, da wanda ya yi yunƙurin halaka kansa, da wanda aka gwada magani bai ji ba, su ake turawa ga ƙwararru. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Irin wannan ƙarancin ne ya sa tsarin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, ya mayar da hankali ga horar da nas-nas da ungozoma da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ita ma ta amince da haƙƙin majinyaci na samun kulawa ba tare da wariya ba.

Yawancin iyalai sukan fara ne da malam, da tofi da rubutu da ruƙiyya, wasu su bi ta wurin boka. Addu'a ba ta karo da magani, kuma likitan da ya raina imanin majinyaci ba zai sake ganinsa ba. Abin da ba shi da hujja shi ne duka da ɗauri da mari da hana shan magani. Wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, aka wallafa a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi inda masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan asibiti.

Bayan an warke ana ci gaba da bibiya, domin kusan rabin waɗanda ciwon damuwa ya taɓa kamawa yakan sake dawo musu. Shi ya sa kafin a sallami majinyaci ake zama da shi da wani na kusa, mata ko miji ko ɗan'uwa, a tantance alamar da ta fara bayyana a karon farko, wadda galibi lalacewar barci ce ko janye jiki daga mutane, a kuma yi alƙawarin komawa asibiti da zarar ta sake leƙowa.