Tsaunukan Adelaide: Inda manomi ke tsoron tafin takalmin baƙo

Daga tsakiyar birnin Adelaide, hedikwatar jihar Kudancin Ostareliya, tafiyar rabin sa'a a mota ta isa ta fitar da mutum daga zafin gari. Hanya tana miƙewa gabas, ta fara hawa, ta kutsa cikin ramin da aka huda a dutse. Kana fitowa sai ka ji iska ta sauya, ga tuddai jere, an tsaga musu layukan inabi kamar kan amarya da ya sha kitso. Wannan shi ne yankin da ake kira Tsaunukan Adelaide, inda mutanen birni da baƙi daga ƙasashen waje ke tururuwa a ƙarshen mako.

Abu uku ke kawo su: gonakin inabi, namun daji, da kallon ƙasa daga bisa. Kusan kowace babbar gona tana da ɗakin karɓar baƙi, wanda mutanen ƙasar ke kira da sunan da ke nufin ƙofar ma'ajiya. A nan mai gona yake sayar da abin da ya sarrafa hannu da hannu, ba dillali a tsakani, sau da yawa har da ɗakin cin abinci a gefe. Giyar inabi ce babbar hajarsu, ita kuwa haramun ce ga Musulmi, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Amma wanda ba ya sha ma ba zai dawo hannu rabbana ba. Akwai gonakin tuffa da ceri da sitiroberi, akwai dawa da namunta, akwai kuma darasin noma da ya cancanci a tsaya a kansa.

Darasin yana farawa ne daga wani ɗan allo da ake kafawa a bakin gonaki da yawa, mai roƙon baƙo kada ya shiga tsakanin layukan inabin. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka rowa ce, ko tsoron masu ɗan hali. Abin da manomin ke tsoro bai kai ƙwayar gero ba, kuma yana iya kasancewa maƙale a tafin takalminka ba ka sani ba.

Tudu ne ya kawo sanyi

Kafin a zo ga takalmi, sai an fahimci abin da ya sa inabi ya karɓi wannan wuri. Amsar ita ce tsawo. Ƙololuwar yankin, Dutsen Lofty, ya ɗara mita 700 daga matakin teku, kuma matuƙin jirgin ruwan Ingila Matthew Flinders ne ya raɗa masa wannan suna a 1802, da ya hango shi daga nesa. Masana yanayi sun ƙiyasta cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Ke nan gonar da ke mita 600 za ta fi birnin da ke gindinta sanyi da wajen digiri 4. Wanda ya taɓa barin Kano ya kwana a Jos ya san wannan a jikinsa, kuma dalilin da ya sa dankalin Turawa ke yi a Filato shi ne dalilin da ya sa tuffa ke yi a ƙauyen Lenswood.

Digiri huɗu ba abin rainawa ba ne ga inabi. Zafi yana sa ƙwayar ta tara zaƙi da wuri, ya kuma cinye tsamin da ke cikinta. In dare yana da sanyi, sai ta nuna a hankali, zaƙin ya taru, tsamin da ƙamshin kuma ba su gudu ba. Shi ya sa nau'o'in da ba sa son zafi, irin su Chardonnay da Pinot Noir da Sauvignon Blanc, suka fi yawa a nan. Tudun yana kuma tare iskar da ke tasowa daga teku, ya tatse ruwanta, har ruwan da ke sauka a ƙololuwa yakan kusa ninka na birni. Lokutansu kuwa a juye suke da namu: Disamba zuwa Fabrairu ne tsananin zafi, Yuni zuwa Agusta sanyi da ruwa, girbin inabi kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu.

Tun kafin zuwan Turawa, waɗannan tuddai ƙasar al'ummar Peramangk ce. A 1839 wasu Jamusawa mabiya ɗarikar Luther, da suka bar gida saboda takurar addini, suka kafa garin Hahndorf, suka sa masa sunan Dirk Hahn, kyaftin ɗin jirgin da ya kawo su. Matansu sukan tashi cikin dare da kayan lambu da man shanu, su taka har kasuwar Adelaide, su dawo da sayayya. Hanyar da suka bi tana nan, masu yawon ƙafa na bin ta har yau. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya an sauya wa garin suna zuwa Ambleside saboda ƙyamar Jamusawa, sai a 1935 aka mayar masa da nasa. An shuka inabi a yankin tun farkon zaman Turawa, daga baya noman ya mutu, gonakin suka koma na tuffa da kiwon shanu. A shekarun 1970 ya farfaɗo, bayan Brian Croser ya kafa kamfanin Petaluma a 1976, ya kuma shuka inabi a kwarin Piccadilly.

Ƙwaron da ya durƙusar da Turai

Sunan abin tsoron filoksera. Ɗan ƙwaro ne da da ƙyar ido ke ganinsa, yana zama a ƙasa yana tsotsar saiwar inabi. Inda ya tsotsa yakan kumbura ya ruɓe, kuringar ta yi ta rama har ta mutu cikin 'yan shekaru. Asalinsa daga Arewacin Amurka ne, inda inabin daji ya saba da shi. A shekarun 1860 ya ɓulla a Faransa cikin dashen da aka shigo da shi, ya bi gonakin Turai ƙasa bayan ƙasa yana kashewa. Babu feshin da ke raba gona da shi in ya shiga. Mafitar da aka samu ita ce aure, irin wanda masu lambunmu ke yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin Turai a ɗora a kan gindin inabin Amurka mai jure cizon.

An fara gano ƙwaron a Ostareliya a 1877, a yankin Geelong a jihar Victoria. Kudancin Ostareliya ba ta jira ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ta hana shigo da dashe, a 1899 kuma ta yi doka ta musamman da hukumar da manoma ke biya wa kuɗi don tsaron iyaka, wadda yau ake kira Vinehealth Australia. Har yanzu ba a ga filoksera a jihar ba. Albarkacin haka, a kwarin Barossa da ke maƙwabtaka akwai kuringar da aka shuka tun shekarun 1840, tana tsaye a kan saiwarta, tana ba da 'ya'ya.

Sai dai wannan sa'a ita ce kuma lagon. Da yake ba a taɓa tilasta wa manoma yin auren ba, yawancin inabin jihar ba shi da kariya. Ƙwaron kuwa yana iya rayuwa kwanaki da yawa a cikin laka, a jikin tufa, taya ko takalmi. An gano shi a kwarin Yarra kusa da Melbourne a 2006, wurin da shi ma ɗan yawon buɗe ido ke so. Mutum na iya ɗaukar hoto a tsakiyar gona a can yau, gobe jirgi ya sauke shi a Adelaide da takalmin jiya. Don haka ake tsoma takalman ma'aikata a ruwan bilic, ake gasa injinan girbi a ɗaki mai zafi kafin su tsallaka iyaka, baƙo kuma a ce masa ya tsaya a kan hanya. Da irin wannan dalili ake hana matafiya shigo da ɗanyun 'ya'yan itace cikin jihar, gudun ƙudan da ke ɓata su.

Kowala da bishiyar turare

Wanda ya zo don namun daji yakan fara da gandun Cleland, a gindin Dutsen Lofty, wanda aka buɗe a 1967. A nan kangaru ke yawo a sake, mutum ya ba shi abinci da hannu. Akwai jiminar ƙasar da ake kira emu, akwai kuma ekidina, mai ƙaya kamar bushiya, wadda ke yin ƙwai amma ta shayar da ɗanta nono. Tauraron wurin dai shi ne kowala.

Abincin kowala ganyen bishiyar turare ne, wadda Ostareliya ce mahaifarta, dangin wadda aka dasa jeri-jeri a Kano da Jigawa don tare hamada. Ganyen yana da guba, ƙarfin da ke cikinsa kuma kaɗan ne. Hantar kowala ce ke kashe gubar, ƙwayoyin halitta da ke cikin hanjinsa su narkar da sauran. Shi ya sa yake barcin da kan kai sa'a 18 zuwa 20 a yini. Ba ragwanci ba ne, tattali ne.

Abin mamaki, yawancin kowalan da ake gani a nan jikokin baƙi ne. Farauta don fata ta kusa ƙarar da na jihar a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1920 aka kwaso wasu daga Victoria zuwa Tsibirin Kangaru, daga baya aka saki wasu a tsaunukan nan. Sun yi yawa har a wasu wurare suna cinye ganyen bishiya ta bushe, alhali a gabashin ƙasar gwamnati ta sa kowala cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 2022.

Dawar kanta ta ragu ainun. Abin da ya rage na asalin kurmin yankin bai kai kashi ɗaya bisa biyar ba, saura an share don noma da gidaje. Ƙananan dabbobi irin su bandikut, mai kama da gafiya, suna fama da kuliyoyin da suka koma daji da yanyawar da Turawa suka kawo. Wannan ne ya sa John Wamsley ya kafa mafakar Warrawong a 1969, ya kewaye ta da shingen da ke hana su shiga. Mota ma abokiyar gaba ce: da asuba da almuru kangaru ke tsallaka titi, kuma mazauna yankin sun san lokacin sassauta gudu ke nan.

Ranar da iska ta juyo daga arewa

Bishiyar da ke ciyar da kowala ita ce makamashin wuta, domin ganyenta cike yake da mai. In bazara ta yi tsanani, busasshiyar iska ta taso daga hamadar tsakiyar ƙasar, tartsatsi ɗaya ya isa. Wuta kuma ta fi gudu in tana hawan tudu, domin harshenta yana gasa abin da ke gabanta tun kafin ta iso.

Ranar 16 ga Fabrairu 1983 gobarar daji ta kashe mutum 28 a Kudancin Ostareliya, ta ƙone har ƙololuwar Dutsen Lofty. Ranar 20 ga Disamba 2019 wata ta tashi a Cudlee Creek, ta lashe fiye da hekta 20,000 da gidaje sama da 80, mutum ɗaya ya rasu, ta kuma shafi kusan kashi ɗaya bisa uku na gonakin inabin yankin.

Har gonar da wuta ba ta taɓa ba, ba ta tsira ba. Hayaƙin itace yana ɗauke da wasu sinadarai da ke ratsa fatar inabi su haɗe da zaƙin da ke ciki, su ɓuya. Ka ɗanɗana ƙwayar ba za ka ji komai ba, sai an matse an sarrafa, sannan ɗanɗanon toka ya fito. Dole manomi ya aika samfur ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Giyar Inabi ta Ostareliya da ke Adelaide, kafin ya san ko amfanin shekararsa zai shiga kasuwa ko za a bar wa tsuntsaye. Masu kashe gobarar kuwa yawancinsu 'yan sa-kai ne, manoma da masu shaguna na ƙauyukan. A ranakun da aka ayyana haɗarin wuta ya kai ƙarshe, akan rufe gandun daji, a shawarci baƙi su zauna a birni.

Bayan wutar 2019, abin da masu gonaki suka roƙa shi ne mutane su dawo su yi ciniki, domin kuɗin da ke shigowa ta ƙofar ma'ajiya da shi ake sake dashe. Suna buƙatar baƙon da suke tsoro. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya tafi. A Tsaunukan Adelaide damuwar ita ce abin da raɓar za ta bari a ƙasa bayan ta tafi. Ko kuringar da ta tsallake shekara ɗari da ɗoriya, irin ta Barossa, laka ɗaya a tafin takalmi na iya zama ajalinta. Wanda ya je, ya ɗauki hotonsa daga bakin shinge. Layukan ma sun fi kyau daga can.