Sauyin da ke aukuwa a ɓargo idan shekaru suka ja

A Gwarzo da Kabo yanzu ba wanda bai san gwajin jini kafin aure ba, musamman tun da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta shi a 2024. Jama'a sun gane cewa sikila gado ce daga uwa da uba. Amma akwai wani sauyin ƙwayar halitta da ba a gadonsa, ba kuma a gadar wa 'ya'ya. A cikin ɓargon mutum yake tsira, sannu a hankali, yayin da ake tsufa.

Ɓargo ne ke yin jini. A kowace daƙiƙa yana fitar da jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 2, kowace ta yi kwana 120 tana aiki sannan a maye gurbinta. Da su da fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta da masu tsayar da zubar jini, duk daga wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan suke fitowa, waɗanda za mu kira uwayen jini. To, me ke sa wannan ta zama ja, waccan fara, alhali rubutun DNA ɗinsu ɗaya ne? Wasu alamomi ne na sinadari da ake ɗora wa rubutun. Wanda ya yi karatun ajami zai gane nan take: baƙaƙen ba su sauya ba, wasali ne ke nuna yadda za a karanta.

Akwai ƙwayoyin halitta da aikinsu ke nan. DNMT3A tana ɗora alamar, TET2 tana taimakawa a goge ta. Idan ɗayarsu ta lalace a cikin wata uwar jini, sai uwar ta fi karkata ga haifar irinta maimakon ƙwayoyin da za su nuna su kama aiki. Zuriyarta ta yi ta yawaita har ta danne sauran.

A 2010 Timothy Ley da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka binciki masu sankarar jini mai saurin yaɗuwa su 281, suka tarar da DNMT3A a lalace a jikin 62. A 2014 kuma aka gano abin da ya fi ba da mamaki: kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka haura shekara 70 suna ɗauke da irin wannan sauyi, suna cin tuwonsu lafiya lau. A shekara guda, bai wuce 1 cikin 100 daga cikinsu ke kamuwa da sankara ba. Saboda haka wannan ba abin tayar wa dattawa hankali ba ne.

Abin da ke damuna ya fi kusa da gida. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini, ga shi kuma a bakin titin Kano zuwa Gwarzo za ka ga matasa 'yan bumburutu suna zuƙo mai da tiyo a baki. Hayaƙin taba ma yana ɗauke da benzin.

Galibin ƙarancin jini a yankinmu daga zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko ƙarancin abinci mai gina jiki. Amma idan an yi wa dattijo ƙarin jini sau biyu, sau uku, kullum sai ya sake sauka, ga kasala, ga zazzaɓi da ya ƙi jin magani, ga dasashi yana zubar da jini, to lokacin sayen maganin taifot a kyamis ya wuce. A nemi likita ya yi cikakkiyar ƙidayar ƙwayoyin jini, a duba su a madubin likita, in da hali a tura shi sashen jini na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake zuƙo ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu a bincika.

Magani ma ya fara bin wannan ilimin. Azacitidine, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, yana rage alamomin sinadarin da suka yi yawa a kan DNA ne don ƙwayoyin halittar da aka rufe wa baki su koma aiki. Ba ya warkar da sankarar jini ɗungurungum, amma yana ƙara wa wasu kwana, yana kuma rage musu yawan ƙarin jini. Tsadarsa ta fi ƙarfin manomin Kabo, kuma ya kamata hukumomin inshorar lafiya su saka shi cikin abin da suke biya.