Jihohin kudancin ƙasar Amurka masu karkata ga sassaucin ra'ayi

Jihohin kudancin ƙasar Amurka masu karkata ga sassaucin ra'ayi su ne jihohin yankin Kudu na Tarayyar Amurka waɗanda masu zaɓensu suka fi goyon bayan jam'iyyar Democrat da manufofinta. Yankin Kudu ya yi suna a matsayin cibiyar masu ra'ayin mazan jiya, kuma jam'iyyar Republican ce ke riƙe da yawancin jihohinsa. Duk da haka akwai jihohin da suka fita daban. Maryland da Delaware ne kan gaba, sai Virginia, wadda ita ce ta fi kowace karkata ga sassauci a cikin jihohin da suka ɓalle lokacin yaƙin basasa. Georgia da Carolina ta Arewa na biye, a matsayin jihohi marasa tabbas da kowace jam'iyya ke iya lashewa. Abin da ya bambanta waɗannan jihohi da maƙwabtansu shi ne haɗuwar manyan birane, da yawan baƙaƙen fata masu kaɗa ƙuri'a, da fararen fata masu ilimin jami'a, duk a jiha guda.

Ma'anar sassaucin ra'ayi a Amurka

A siyasar Amurka, mai sassaucin ra'ayi shi ne wanda ke son gwamnati ta sa hannu sosai wajen kiwon lafiya da tallafa wa marasa galihu, a ƙara wa masu hannu da shuni haraji, a taƙaita mallakar bindiga, a kare haƙƙin tsiraru, a kuma bar wa mace zaɓi a kan zubar da ciki. Masu ra'ayin mazan jiya kuwa sun fi son rage haraji da rage girman gwamnati, da kare 'yancin riƙe bindiga, da hana zubar da ciki, da tsaurara dokokin shige da fice. Ana auna karkatar jiha ta hanyoyi uku: sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, da jam'iyyar da ke riƙe da kujerar gwamna da majalisar dokoki, da kuma irin dokokin da jihar ke kafawa. Ba kullum ma'aunan uku ke nuna abu ɗaya ba.

Wane yanki ne Kudu

Hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta sa jihohi 16 da gundumar Washington, babban birnin ƙasar, a cikin yankin Kudu. Wannan lissafi ya haɗa da Maryland, Delaware, Virginia ta Yamma, Kentucky da Oklahoma. Masana tarihi da na siyasa da yawa kuwa suna taƙaita sunan ga jihohi 11 da suka ɓalle daga tarayya suka yi yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 don kare cinikin bayi da bautar da su: Virginia, Carolina ta Arewa, Carolina ta Kudu, Georgia, Florida, Alabama, Mississippi, Louisiana, Texas, Arkansas da Tennessee. Amsar tambayar wace jiha ce ta fi sassauci ta dogara da lissafin da aka ɗauka. A lissafin farko Maryland ce, a na biyu kuma Virginia.

Tarihi

Daga ƙarshen shekarun 1870 har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kusan duk jihohin Kudu Democrat suke zaɓa. Wannan bai nuna sassauci ba, domin reshen jam'iyyar na Kudu shi ne ya kafa dokokin wariyar launin fata, ya kuma hana baƙaƙen fata kaɗa ƙuri'a ta hanyar harajin zaɓe da jarrabawar iya karatu. Ɓaraka ta fara fitowa a 1948, lokacin da gwamnan Carolina ta Kudu, Strom Thurmond, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a kan aƙidar wariya ya lashe jihohi huɗu.

Babban sauyi ya zo ne bayan shugaba Lyndon B. Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 da Dokar 'Yancin Kaɗa Ƙuri'a ta 1965. A zaɓen 1964 ɗan takarar Republican, Barry Goldwater, wanda ya ƙi amincewa da dokar farko, ya lashe Louisiana, Mississippi, Alabama, Georgia da Carolina ta Kudu. Daga nan fararen fatan Kudu suka riƙa komawa Republican sannu a hankali, baƙaƙen fata kuma suka rungumi Democrat. Jimmy Carter na Georgia ya lashe goma daga cikin jihohi 11 a 1976, Bill Clinton na Arkansas ya samu wasu a 1992 da 1996, amma a 2000 George W. Bush ya kwashe dukkansu, har da Tennessee, jihar abokin takararsa Al Gore. Ƙarfin da Democrat ke da shi yanzu a wasu jihohin Kudu sabon gini ne, da wasu masu zaɓe daban da na da.

Maryland da Delaware

Rabon jihohin nan biyu da zaɓen ɗan Republican a matsayin shugaban ƙasa tun 1988. A Maryland, Joe Biden ya samu kusan kashi 65 cikin ɗari na ƙuri'u a 2020. Kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen jihar baƙaƙen fata ne, kuma kaso mai yawa na jama'a na zaune a birnin Baltimore da gundumomin Montgomery da Prince George's da ke manne da Washington. Jihar ta soke hukuncin kisa a 2013. A 2022 ta zaɓi Wes Moore, gwamnanta baƙar fata na farko, a 2024 kuma ta tura Angela Alsobrooks Majalisar Dattawa. Sai dai ɗan Republican mai matsakaicin ra'ayi, Larry Hogan, ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023.

Delaware, wadda Biden ya wakilta a Majalisar Dattawa daga 1973 zuwa 2009, gundumomi uku kacal take da su. Fiye da rabin jama'arta na gundumar New Castle, inda birnin Wilmington yake, kuma ƙuri'un wannan gunduma ne ke rinjayar na karkarar kudancin jihar. Gundumar Washington ba jiha ba ce, amma tana da ƙuri'un wakilai uku, kuma tun 1964 ba ta taɓa zaɓen kowa ba sai ɗan Democrat.

Virginia

Birnin Richmond na Virginia shi ne ya zama babban birnin 'yan aware a lokacin yaƙin basasa, kuma jihar ta zaɓi Republican a duk zaɓukan shugaban ƙasa daga 1968 zuwa 2004. Barack Obama ya lashe ta a 2008, kuma tun daga lokacin ba ta bar Democrat ba. A 2016 da 2024 ita kaɗai ce daga cikin jihohi 11 da ta zaɓi Hillary Clinton da Kamala Harris. Sanatocinta biyu, Mark Warner da Tim Kaine, 'yan Democrat ne.

Tushen sauyin yana arewacin jihar, a gundumomin Fairfax, Arlington, Loudoun da Prince William da birnin Alexandria. Nan ma'aikatar tsaro ta Pentagon take, da kamfanonin da ke yi wa gwamnatin tarayya kwangila, da manyan rumbunan adana bayanan intanet. Gundumar Fairfax kaɗai tana da mutum fiye da miliyan ɗaya. Bayan Democrat ta karɓe majalisun dokokin jihar biyu a 2019, Virginia ta soke hukuncin kisa a 2021, duk da cewa a tsawon tarihi ta fi kowace jiha aiwatar da shi. A shekarar ne kuma aka sauke gunkin Janar Robert E. Lee a Richmond. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 da ya mayar wa jihohi ikon yin doka a kan zubar da ciki, Virginia ce kaɗai a cikin jihohi 11 da ba ta tsaurara dokarta ba. Kujerar gwamna kuwa tana kai-komo: Glenn Youngkin na Republican ya ci zaɓen 2021, Abigail Spanberger ta Democrat ta ci na 2025, ta zama mace ta farko da ta samu kujerar.

Georgia

Biden ya lashe Georgia a 2020 da tazarar ƙuri'a 11,779, karo na farko ga Democrat tun 1992. A ranar 5 ga Janairun 2021 Raphael Warnock da Jon Ossoff suka ci kujerun Majalisar Dattawa biyu na jihar a zagaye na biyu, abin da ya ba jam'iyyarsu iko da majalisar. Warnock shi ne limamin cocin Ebenezer da ke Atlanta, inda Martin Luther King Jr. ya yi wa'azi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen jihar baƙaƙen fata ne, kuma fiye da rabin jama'a na zaune a Atlanta da kewayenta. Gundumomin Cobb da Gwinnett, waɗanda a da suke tungar Republican, sun koma Democrat tun 2016. Aikin yi wa masu zaɓe rajista da Stacey Abrams ta jagoranta ya taimaka. Duk da haka Donald Trump ya sake karɓe jihar a 2024, kuma gwamna Brian Kemp da majalisar dokoki 'yan Republican ne.

Carolina ta Arewa

Obama ya ci Carolina ta Arewa a 2008 da tazarar ƙuri'a kusan 14,000. Daga nan Republican ce ke lashe ta, amma da ƙyar. A 2020 tazarar ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba. Ƙarfin Democrat yana birnin Charlotte, cibiyar bankuna, da yankin Raleigh, Durham da Chapel Hill, inda manyan jami'o'i uku suka kewaye wani dandalin binciken kimiyya da aka kafa a 1959. Mutanen jihar kan raba ƙuri'a: a 2016, 2020 da 2024 sun zaɓi Trump, a rana guda kuma sun zaɓi gwamna ɗan Democrat, wato Roy Cooper sau biyu, sannan Josh Stein.

Florida da Texas

Florida ta daɗe tana cikin jihohi marasa tabbas. Ƙuri'a 537 ne suka yanke zaɓen 2000 a can, kuma Obama ya lashe ta sau biyu. Daga baya ta koma Republican, har Trump ya ci ta da tazarar kusan kashi 13 cikin ɗari a 2024. Texas tana da birane masu zaɓen Democrat, irin su Austin, Houston, Dallas da San Antonio, amma rabon jam'iyyar da cin zaɓen da ya shafi jihar baki ɗaya tun 1994. A jihohin biyu masu zaɓe 'yan asalin Latin Amurka da dama sun karkata ga Republican, musamman 'yan asalin Kyuba a Miami da mazauna kan iyakar Meziko.

Dalilai

Dalili na farko shi ne ƙuri'ar baƙaƙen fata, waɗanda fiye da takwas cikin goma ke zaɓen Democrat. Kimanin mutum miliyan shida daga cikinsu sun yi ƙaura daga Kudu zuwa Arewa da Yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970, amma daga baya da yawa sun dawo Atlanta, Charlotte da kewayen Washington. Wannan kaɗai ba ya wadatarwa. Mississippi ce ta fi kowace jiha yawan baƙaƙen fata, kusan kashi 38 cikin ɗari, amma tun 1980 Republican take zaɓa, domin mafi rinjayen fararen fatanta jam'iyya ɗaya suke bi.

Na biyu shi ne ilimi. Fararen fata masu digiri sun fi karkata ga Democrat a 'yan shekarun nan. Maryland da Virginia na cikin jihohin da suka fi yawan masu digiri, yayin da Mississippi, Arkansas da Virginia ta Yamma ke can ƙasa. Virginia ta Yamma, jihar masu haƙar kwal, ta zaɓi Clinton a 1996, amma yanzu tana cikin jihohin da Republican ta fi ƙarfi.

Na uku shi ne girman birni idan aka gwada shi da karkara. Nashville, Memphis, New Orleans da Birmingham duk Democrat suke zaɓa, sai dai jama'arsu ba su kai su rinjayi ta karkara ba, saɓanin Atlanta ko arewacin Virginia. Na huɗu shi ne baƙi, daga wasu jihohi da kuma ƙasashen waje, irin su Indiya, Koriya, Habasha da Najeriya, waɗanda suka zauna a kewayen Washington da Atlanta. Na biyar shi ne addini: inda fararen fata mabiya ɗarikun Ibanjelika suka yi yawa, kamar Alabama da Tennessee, Republican ce ke da rinjaye.

Iyakar wannan ma'auni

Zaɓen Democrat a Kudu ba kullum yake nufin cikakken sassauci ba. Baƙaƙen fata da yawa masu zuwa coci matsakaicin ra'ayi gare su, kuma su ne suka farfaɗo da takarar Biden a zaɓen fidda gwani na Carolina ta Kudu a 2020. John Bel Edwards, ɗan Democrat da ya yi gwamnan Louisiana daga 2016 zuwa 2024, yana adawa da zubar da ciki. Haka nan jihohin Republican kan amince da wasu manufofin sassauci a ƙuri'ar raba gardama: a 2020 Florida ta yarda a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa, a 2022 kuma Kentucky ta yi watsi da gyaran tsarin mulki na masu adawa da zubar da ciki. Shata iyakokin mazaɓu ma na ɓoye ainihin rabon ƙuri'a. A Carolina ta Arewa kowace jam'iyya ta samu kujeru bakwai na Majalisar Wakilai a 2022, amma bayan majalisar dokokin jihar ta sake zana taswira, Republican ta samu goma, Democrat huɗu a 2024. Georgia da Carolina ta Arewa na da ƙuri'un wakilai 16 kowace, daga cikin 270 da ake buƙata don zama shugaban ƙasa, shi ya sa jam'iyyun biyu ke zuba kuɗi da lokaci mai yawa a kansu a kowane zaɓe.