Ko Ka Sani? Tarakta Mai Taya Huɗu a Kan Ƙafa Uku Take Tsaye

Da bazara ta kama, masu gonaki a Takur da kewayen Dutse sai su shiga kai taki gona, kuma mai hali yakan nemi tarakta mai bokiti a gaba ta yi masa lodi. Aikin da zai ci wa ƙarti yini guda da shebur, ita kafin hantsi ta gama. Sai dai bokitin nan yana sauya halin motar gaba ɗaya.

Leƙa ƙarƙashinta ka gani. Tayoyin baya a kafe suke da jikinta, amma ƙarfen da ke riƙe da na gaba ƙusa ɗaya ce ta maƙale shi a tsakiya, domin ya riƙa lilo idan taya ta hau kunya ko ta faɗa rami. Ke nan wuri uku take zaune a kai, kamar tukunya a kan murhu: biyu a baya, ɗaya a gaba. Da an cika bokiti, nauyi sai ya karkata gaba, wajen ƙusar nan inda babu faɗi. Idan aka ɗaga shi kuwa, nauyin ya koma sama. A wannan hali, dutse ɗaya da tayar baya ta taka, ko kwana da aka sha da gudu, ya isa ya kifar da ita. Garin da duwatsu suka ba shi suna, ga gangare ga kwazazzaban da ruwa ya ci, ba wurin ganganci ba ne.

Don haka ƙasa-ƙasa ake tafiya da bokiti, daidai yadda ba zai daki turɓaya ba. Sai an iso gindin tirela ko tifa, an tsaya cak, sannan a ɗaga. A tudu kuma, kaya su fuskanci sama: a hau da gaba, a sauko da baya, kada a yanka gangaren ta gefe.

Yawancin taraktocin da ke aiki a Jigawa, irin su Massey Ferguson, birkinsu a tayoyin baya yake. Kaya a gaba suna rage wa tayoyin nan kama ƙasa, sai ka taka birki ta ci gaba da sulalewa. Maganinsa a rataya mata abu mai nauyi a baya, ko da garma ce, ko a ɗura wa tayoyin ruwa. Matakan birkin biyu ne, kowace taya da nata. Wanda zai hau kwalta zuwa Shuwarin ko Kiyawa ya haɗe su da makullinsu, domin taka ɗaya da gudu yana wujijjiga motar.

Baƙin ƙarfen nan da ke tsaye bisa kujerar direba ba mariƙin rumfa ba ne. Shi ke hana motar danne mutum idan ta kife. Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, Amurka ta sa dokarsa ga ma'aikatan gona a 1976, kuma masana a can sun ƙiyasta cewa shi da bel ɗin kujera suna tsare rai a kashi 99 cikin 100 na kifewa. Abin takaici ne ka ga an kwance shi don a shige ƙarƙashin bishiya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaukar yara da leburori a cikin bokiti. Gargada ɗaya za ta zubo su, kuma gaban taya za su faɗo, inda direba ba ya gani. Haka shiga ƙarƙashin bokitin da ke sama: mai ne kawai ke riƙe da shi, tiyo na fashewa ya rufto. Idan ana zargin tiyon yana yoyo, da kwali ake laluba shi, ba da hannu ba, don ƙarfin man yana huda fata. Kafin a ɗaga a cikin unguwa a duba wayoyin lantarki, kafin a sauka kuma a ajiye bokiti a ƙasa, a ja birkin hannu, a zare makulli.