RUWAN SHA A ƘASAR GUMEL: WACE HANYA CE TA FI DACEWA?

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Sule Tankarkar a cikin watan Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta, zai ga inda jama'a suka fi taruwa tun da asuba, watau bakin rijiya da gindin famfon tuƙa-tuƙa. Mata da yara na jiran layi, makiyaya kuma na tsaye da garkensu. Ƙasar nan rairayi ce da jigayi, babu wani kogi da ke gudu a cikinta duk shekara, ruwan sama kuwa ba ya wuce watanni uku zuwa huɗu. Haka lamarin yake a Gumel da Maigatari da Gagarawa, sauran ƙananan hukumomin masarautar Gumel.

Babu mai jayayya cewa ana bukatar ruwa. Inda masana ke tsayawa su yi nazari shi ne hanyar da ta fi dacewa a bi, domin kuɗin gwamnati ƙayyadadde ne, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ma haka. A ƙa'idar tsara albarkatun ruwa, ba a amincewa da shiri guda tun da farko. Sai a jera hanyoyi daban-daban, a auna kuɗin kowace da amfaninta da ɓarnarta, sa'an nan a zaɓa.

DARASIN TIGA

Tarihin yankin ya nuna abin da ke faruwa idan awon bai cika ba. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasar Gumel ke cikinta har zuwa 1991, ta dogara ga manyan madatsun ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sa'an nan madatsar Challawa ta biyo baya a 1992. Birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kadawa kuma suka sami na noman rani, kuma wannan ba ƙaramar nasara ba ce.

Amma ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina ta ragu, alhali da ita ake noman shinkafa, da kamun kifi, da kiwo. A shekarun 1990 wasu masana, cikinsu har da Edward Barbier da Julian Thompson, suka zauna suka gwada hanyoyi da yawa a lissafi: a gina dukan madatsun da aka tsara, har da ta Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, ko a tsaya a inda ake, ko kuwa a riƙa sakin ruwa daga madatsun a tsakiyar damina don fadamu su cika. Binciken ya nuna cewa ribar noman rani a sama ba ta kusa biyan asarar da mutanen ƙasa ke yi ba, kuma sakin ruwa a kan lokaci shi ne ya fi rage asarar. Da an yi wannan lissafi kafin a aza tubali, da wataƙila tsarin ya sha bamban.

HANYOYIN DA KE GABAN SULE TANKARKAR

Ƙasar Gumel ba ta dace da babbar madatsa ba, domin shimfiɗaɗɗiya ce, kuma rairayinta na shanye ruwa. Saboda haka zaɓin da ke akwai ya ta'allaƙa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa da na sama.

Rijiyar gargajiya ita ce mafi araha, kuma mutanen gari sun san yadda ake yashe ta. Illarta ita ce zurfi, da wahalar jan guga, da ƙazantar da ke faɗawa ciki. Famfon tuƙa-tuƙa, wanda ya yaɗu a shekarun 1980 ta hannun hukumar KNARDA da rancen Bankin Duniya, ya ba da ruwa mai tsabta, amma yakan tsaya cik idan ƙaramin ƙarfe ya lalace kuma babu mai gyara a kusa. Rijiyar burtsatse mai inji da tanki tana wadatar da gari guda, sai dai a da man dizal ne ke kashe ta. Injin hasken rana ya kawar da wannan matsala, amma ya zo da tasa: tun da babu kuɗin mai, babu abin da ke hana a yi ta zuƙar ruwa yini guda, ko da ƙasa ba ta mayar da abin da aka ɗiba ba. Akwai kuma haƙa tafki don tara ruwan damina, wanda ya fi dacewa da dabbobi, musamman a kan hanyar kasuwar Maigatari, amma zafin rana na ƙafar da shi tun kafin rani ya ƙare. Daga ƙarshe akwai jawo ruwa ta bututu daga rijiyoyi masu ƙarfi zuwa ƙauyuka da dama, hanya mai tsada wadda ke bukatar ma'aikata na dindindin.

YADDA AKE AUNAWA

Kuskuren da aka fi yi shi ne duban kuɗin gini kaɗai. Ma'aikacin tsare-tsare nagari yakan lissafa abin da aikin zai ci cikin shekara ashirin, har da gyara da albashi, ya raba da yawan mutanen da za su sha. A irin wannan lissafi, famfo mai araha da ke aiki wata huɗu a shekara yana iya fin tanki tsada. Yakan kuma tambayi wanda zai riƙe aikin bayan ɗan kwangila ya tafi: hukumar RUWASA ce mai kula da karkara, ko STOWA mai kula da ƙananan garuruwa, ko kwamitin gari da ke karɓar ɗan taro da sisi a bakin famfo?

Awo na biyu shi ne na ruwan da ke ƙasa. Shirin noman rake a dubban hektoci a Gagarawa da maƙwabtanta, har da Sule Tankarkar, ya jawo muhawara a kan filayen manoma, amma batun ruwa ma yana da nauyi, domin rake shuka ce mai tsananin ƙishi. Idan daga ƙasa za a ɗebo ruwan, wajibi ne a san ko rijiyoyin ƙauyuka za su ƙara zurfi. Ba a iya sanin wannan sai da rijiyoyin gwaji waɗanda ake auna su kowane wata, a rubuta, a ajiye shekara da shekaru.

Awo na uku kuwa shi ne jin ta bakin waɗanda abin ya shafa, tun daga hakimi da dagaci har zuwa matan da ke ɗibar ruwa da Fulanin da ke shayar da shanu. Mutanen fadamun Haɗeja ba su cikin lissafin Tiga, shi ya sa asararsu ba ta bayyana a takarda ba sai bayan shekaru.

Da wuya hanya guda ta wadatar da ƙasar Gumel. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne haɗawa: tuƙa-tuƙa a ƙananan ƙauyuka tare da horar da masu gyara, tankin hasken rana a garuruwa tare da ƙayyade ɗiba, tafki kuma a burtalin dabbobi. Ɗaliban da ke karatun injiniya da labarin ƙasa a yau su ne za su riƙe waɗannan fayiloli gobe, kuma tambayar farko da ya kamata su saba yi wa kowane shiri da aka kawo teburinsu ita ce: da waɗanne hanyoyi aka gwada shi kafin a zaɓe shi?