Matan ƙwallon Amurka: suna wasa da kuɗinsu, ƴan jarida na kallon wani gefe

Idan an ce ƙwallon ƙafa a ƙasar Amurka, ba wanda aka saba gani a filayenmu ake nufi ba. Nasu ƙwallon ya yi kama da ƙwai, da hannu ake ɗaukarsa a ruga da shi, mutum 11 kowane ɓangare, kowa da hular kwano da matashi a kafaɗa, saboda ana karo ana kayar da juna kamar a fagen kokowa. Wasa ne mai jawo dukiya: wasan ƙarshe na gasar maza ta NFL, wato Super Bowl, mutane fiye da miliyon 120 suka kalle shi a shekara ta 2024, kuma tallar daƙiƙa 30 a cikinsa ta kai dalar Amurka miliyon 7. Mata su ma sun fi shekara 50 suna wannan wasa, amma har yanzu yawancinsu ba su ci abinci da shi ba.

Asalin maganar ya faro a shekara ta 1965, lokacin da wani dillalin ƴan wasa na birnin Cleveland, Sid Friedman, ya tara mata ya kafa musu ƙungiya. Shi niyyarsa nishaɗi da ban dariya, amma matan suka ɗauki abin da gaske. A shekara ta 1974 aka kafa gasar ƙasa ta mata, NWFL, inda ƙungiyar Toledo Troopers ta jihar Ohio ta yi zarra: ta ɗauki kambi shekara bakwai a jere, daga 1971 zuwa 1977. Tauraruwarta Linda Jefferson, mujallar womenSports ta zaɓe ta gwarzuwar shekara ta 1975. Duk da haka, ladar ƴar wasa ba ta wuce dalar Amurka 25 ba a kowane wasa, kuma jaridun lokacin sun fi zuwa don tambayar matan batun kwalliya da abin da mazansu ke cewa. Gasar ta yi ta ja da baya har ta mutu a shekara ta 1988.

An sake tayar da wasan a shekara ta 1999 da ƙungiyar Minnesota Vixen, wadda har yau take raye. Yanzu manyan gasanni biyu ne ke jan ragama: WFA da ta fara wasa a 2009, da WNFC wadda Odessa Jenkins ta kafa ta fara a 2019. Matan da ke cikinsu malaman makaranta ne, da ƴan sanda, da ma'aikatan asibiti, da masu kashe gobara. Da rana suna wurin aiki, da dare suna filin horo. Mafi yawansu su ke biyan kuɗin shiga ƙungiya, su sayi kayan wasa, su biya kuɗin tafiya, in kuma ƙashi ya karye, su nemi magani da kansu. Ke nan sunan ƙwararru suke ɗauke da shi, albashin ƙwararru kuwa bai zo ba tukuna.

Mene ne dalili? Masu talabijin suna cewa babu ƴan kallo, masu kamfanoni suna cewa ba za su zuba kuɗin talla a wasan da talabijin ba ya nunawa ba, ƴan kallo kuma ba su san da wasan ba tunda ba a nuna musu shi. Malaman jami'a biyu, Cheryl Cooky da Michael Messner, waɗanda bincikensu ya bi labaran wasanni na talabijin tun 1989, sun gano cewa a shekara ta 2019 wasannin mata gaba ɗaya kusan kashi 5 cikin 100 kawai suka samu na lokacin labarai. 

Abin da ya fi ɓata wa matan rai shi ne gasar da ta samu kyamara cikin sauƙi. A shekara ta 2009 wani ɗan kasuwa, Mitchell Mortaza, ya buɗe gasar da mata ke wasa da tufafin ciki, tashar MTV2 kuma ta riƙa nuna ta. An canza mata suna a 2013, amma tabon ya riga ya zauna: shekaru da dama, in mace ta ce tana wasan ƙwallon Amurka, wannan gasar ake fara tambayarta. Masu iya magana sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Amma mai haƙuri yakan dafa dutse. A shekara ta 2020 tashar ESPN ta nuna wani fim a kan ƙungiyar Boston Renegades. A 2021 Robert Kraft, mai ƙungiyar maza ta New England Patriots, ya ba su aron jirgin ƙungiyarsa zuwa wasan ƙarshe a birnin Canton, kuma a 2022 tashar ESPN2 ta watsa wasan ƙarshe na WFA kai tsaye. A gasar duniya ta mata, wadda aka fara a 2010 a birnin Stockholm, Amurka ta lashe kofi a 2010, 2013, 2017 da 2022. Tsoffin ƴan wasa kuma sun kutsa cikin NFL da aikin horarwa: Jen Welter a ƙungiyar Arizona Cardinals a 2015, sai Katie Sowers da ta raka San Francisco 49ers zuwa Super Bowl a 2020.

Sabuwar ƙofa ta buɗe a watan Oktoba na 2023, da Kwamitin Olimpik na Duniya ya amince a shigar da wasan cikin gasar Los Angeles ta 2028, maza da mata. Sai dai nau'in da aka karɓa shi ne wanda babu karo a ciki: maimakon a kayar da mai riƙe da ƙwallo, ƙyalle ake fizgewa daga ƙugunsa. NFL ta sa ƙarfinta a nan, har ta yi tallar Super Bowl ta 2023 da Diana Flores, wadda ta jagoranci matan Meziko suka doke Amurka a 2022. Don haka akwai fargabar kuɗi da kyamara su koma wurin masu ƙyalle, a bar masu hular kwano a baya.

Darasin ƙwallon kwando a fili yake: gasar mata ta WNBA ta fara a 1997 da goyon bayan gasar maza ta NBA da yarjejeniyar talabijin tun ranar farko. Matan ƙwallon Amurka ba su samu irin wannan gata ba, ga shi kuma gasanninsu a rarrabe suke. Muddin babu tashar da za ta sa hannu a yarjejeniya ta shekaru ta biya kuɗi, ƴar wasa za ta ci gaba da sayen hular kwanonta daga albashin wani aikin dabam.